Ni da kwalbar filebo a kukis ɗin Sallah

Gidanmu dai da azumi ya kai ashirin da biyar shikenan kicin ya koma masana'anta, cincin a gefe dublan a gefe, ga kukis ɗin Umma da ma'auninsa bai taɓa canzawa ba tun muna firamare: fulawa gwangwani 4, bota leda ɗaya mai giram 250, sukari gwangwani ɗaya da rabi, ƙwai 2, ɗan bekin foda, sai gyaɗar ƙamshi da take gogawa da hannunta. Iyakarsa kenan.

Bara ne iyayi ya kama ni. Na shiga kasuwar Sabon Gari siyan kayan kwaɓi na ga ƴan kwalaben filebo jere reras, banila, kwakwa, ayaba, madara, sitiroberi, na kwaso har huɗu ina jin ai bana sai an san na shiga kicin. Da na dawo ko cokali ban nema ba, na ayabar na buɗe na tuttula kusan rabin kwalba a kwaɓin, wai don ƙamshin ya fito sosai. To ya fito kam, har maƙota sun ji. Amma da ya huce muka ɗanɗana bayan shan ruwa wani ɗaci ne yake maƙalewa a bayan harshe, ƙanina ya gutsira ya yatsina fuska yace "Yaya wannan kukis ne ko maganin zazzaɓin yara?" Umma ko ɗagowa bata yi ba tace "ai sai ki cinye abinki, tunda ke kin fi uwarki iyawa." Tire uku wallahi, ko yaran da suka zo yawon Sallah sai su ɗauki cincin su bar min shi.

Daga baya na gane inda na kwafsa. Abin da ke kwalbar nan ba ruwan ayaba ba ne, sinadarin ƙamshinta ne aka tattara wuri guda, irin wanda ake sawa a alewa da cingam, shi yasa ɗigo kaɗan ya isa, in ya yi yawa kuma ɗaci yake komawa. Banila ma haka take. Ta gasken ƴaƴan wata fure ce da tafi yawa a Madagaska, kuma da hannu ake yi mata barbara fure bayan fure, dabarar da wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ya gano a tsibirin Réunion a 1841, to kin ga dole tayi tsada. Wadda muke siya da araha sinadarin banilin ne na haɗi, tun 1874 masana a Jamus suka fara haɗa shi. Ni ban raina ta ba sam, a kukis da zai sha zafin obin bambancin ba wani mai yawa bane, kar wata ta tsorata ki da maganar orijinal.

Abu ɗaya dai ki dinga juya kwalbar kina karanta bayanta. Irin waɗanda ake kawowa daga Amurka da aka rubuta tsantsar banila ce, a dokarsu sai da barasa aƙalla kashi 35 cikin ɗari a ciki. Ni don hankalina ya kwanta wadda aka haɗa da ruwan gilisarin a madadin barasa nake nema ko wadda take hoda.

Yanzu ga yadda nake yi, ma'aunin Umma ban taɓa komai a ciki ba. Filebon a cikin bota da sukari nake sawa lokacin da nake bugawa kafin ƙwai, don maiƙo ne ke riƙe ƙamshi, in kika bari sai kin zuba fulawa wani gefen zai ɗauka wani gefen shiru. In kwaɓin duka iri ɗaya zanyi banila ƙaramin cokali ɗaya ya isa, na almon kuwa kwatan cokali ma da ƙyar, wannan ɗan banzan ƙarfi gare shi. In kuma kala-kala nake so sai na raba botar da na buga kashi uku tun da wuri, kowanne da nashi, sannan na gasa ƙwaya ɗaya tal na gwaji na bari ya huce sosai kafin na yanke hukunci, don da zafinsa ƙarya yake miki. Da azumi kam dole gwajin ya zama da daddare, ko ki nemo yaro ya ɗanɗana miki, su basa ɓoye gaskiya.

Wanda yafi karɓuwa a gidanmu na kwakwa ne, amma fa sai na haɗa da kwakwa ta gaske da na goga na busar a kasko, filebon shi kaɗai ƙamshin man shafawa yake yi. Na biyu banila da ɓawon lemon zaƙi da aka kankare, saman kawai banda farin. Kirfa da garin citta kuma basa buƙatar kwalba ko kaɗan. A cincin ma na daina wahalar da kaina, mai mai zafi kore ƙamshin yake, gyaɗar ƙamshi kam tana jure suya.

Kuma don Allah kar ki haɗa kukis masu ƙamshi daban-daban a bokiti ɗaya, kwana biyu duk sun zama abu guda.

Bana kashi ɗaya na ware ban sa masa komai ba sai gyaɗar ƙamshin, na zuba wa Umma a robarta daban. Ranar Sallah da yamma na kama ta tana ɗibar na kwakwar tana ƙullewa a leda wai zata kai wa Hajiya ta maƙota, nace "Umma ba kince bakya so ba?" tace in wuce in duba mata miyar da ke kan wuta.