Rabin Awar Daren Laraba

Ranar da aka miƙa mini shirin tarihi da al'adu a gidan rediyon gwamnatin da nake aiki a Jos, raina bai so ba. Ni burina sashen labarai, in riƙa bin manya da makirfo a ji sunana a ƙarshen rahoto. Wannan kuwa rabin awa ne daren Laraba, ba mai ɗaukar nauyi, ba kuɗin mota. Wanda na gada ya bar mini kwalin kaset guda da rakodar da sai an ɗaure murfin batirinta da roba. Shugaban sashenmu ya dafa ni ya ce, "Je ka huta a can, ai tarihi ba ya cizo."

Makonnin farko aikin malalaci na yi. In buɗe littafi in karanto cewa a 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos, kuma wajen haƙar kuza aka tono gumakan Nok, in sa kiɗa, in yi sallama. Ba wanda ya yaba, ba wanda ya kushe. Ko uwargidana barci take yi.

Wani mai shayi ne a Bukuru ya haɗa ni da tsohon da ya sauya mini aikin. Tsohon yana cikin waɗanda aka kwaso lokacin ɗiban gwamna, wato aikin tilas na haƙar kuza da Turawa suka ƙaƙaba daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta ƙara dogaro da tudun Filato wajen samun kuzar yaƙi. Na same shi a zaure, lulluɓe da bargo da hantsi. Ina zama na danna rakoda. Ya dube ta, ya dube ni.

"Ɗana, kashe wannan abin naka mu gaisa tukuna."

Tambayoyi goma na rubuto, kuma duk na yi su. Da na koma ofis na saurara, kunya ta kama ni: muryata ta fi tasa yawa. Duk inda ya ɗauko zance mai daɗi, sai ka ji ni na faɗo da "To Baba, a wace shekara ke nan?" Mutumin da ke lissafi da damina da mutuwar sarakuna, ni ina neman kalanda a bakinsa.

Na koma da goro, na bar takardar a gida. A wannan karon ya ba ni labarin yadda mai unguwa ya nuna shi da sanda a gaban uwarsa, da ƙaramin jirgin ƙasan nan da ke tasowa daga Zariya yana jan ciki, da kwanon ƙasa a ka tun asuba, heluma, wato shugaban lebura, na tsaye da bulala. Ya ce ba aikin ne ya fi kashe mutane ba, sanyi ne da yunwa, don an kwaso su daga ƙasar zafi da 'yar riga ɗaya. Da ya zo kan abokinsa da suka kwana tabarma ɗaya, gari ya waye bai tashi ba, sai ya yi shiru. Na ƙirga daga baya, daƙiƙa tara. Injiniyanmu ya so ya yanke wurin, domin a rediyo shiru laifi ne, mai sauraro zai ɗauka tasha ta ɗauke. Muka yi ta ja har ya bar mini.

Bayan shirin ya fita wasiƙu suka fara zuwa. Wadda ta fi tsaya mini a rai daga Barikin Ladi ta zo, wata dattijuwa Birom, da Hausarta tsaf, irin ta coci da kasuwa. Ta ce ta ji wahalar waɗanda aka kawo, saura in zo in ji ta waɗanda aka tarar, don gonar ubanta yau kududdufi ce. Na je, ta kai ni bakin ruwan, kore shar, ta nuna mini inda suke shuka acca.

Daga nan kaina ya kumbura. Na buɗe layin waya kai tsaye, na jefa tambayar da na ɗauka ta 'yan makaranta ce: wa ya kafa garin Jos? Mai kira na farko ya yi bayani da ladabi. Na biyu ya ƙaryata shi. Na uku bai gama jimlarsa ta farko ba injiniya ya ja sautin ƙasa ya saki kuntigin Ɗan Maraya, yana harara ta ta gilashi. Gumi ya jiƙa mini riga a cikin sanyin Jos. Garin da bai gama warkewa daga rikicin 7 ga Satumba 2001 ba, ni na ɗauko ashana ina wasa da ita. A nan, musamman tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, zancen wa ya riga wa zuwa tsakanin Birom da Anaguta da Afizere da Hausawa zance ne na takardar shaidar ɗan asali, da kujerar ciyaman, da gurbin aiki. Washegari shugaban nan da ya ce tarihi ba ya cizo ya wanke ni tas. Na ce, "Tuba nake, ranka ya daɗe." Sauran maganar na haɗiye ta.

Ban daina taɓa tarihin garin ba, tambayar na sauya. Na koma tambayar me aka ci, nawa aka biya, wa ya ba wa masauki, wane kiɗa aka yi ranar biki. Ra'ayin jama'a kuma sai na naɗa na saurara kafin ya hau iska. Kiɗan ma na daina ɗaukarsa abin cike gurbi: in an ji kuntigi a farkon shiri, za a ji kundung na Birom a tsakiya, kuma da gangan nake yi.

Wani abin takaicin gidan gwamnati, duk ranar da wani babba ke buɗe taro, shirinka ne na farko da za a ɗage. Kaset ma ƙaranci yake yi. Da tsohon ya rasu, jikansa ya zo neman muryarsa. Na buɗe kwali, cikin kaset uku biyu an naɗi jawabin kasafin kuɗi a kansu. Tun ranar duk abin da na naɗo sai na juye shi a kwamfuta, in ajiye wani kwafin a gida.

Ɗayan da ya tsira na sa masa a sutudiyo. Yana zaune da abin sauraro a kunne, har aka iso wurin abokin nan, sauti ya ɗauke. Ya ɗago kai.

"Malam, ya lalace ne?"

Na ce masa a'a, ya dai jira.