Kafin ka huda ƙofar nan: shawara kan sa makulli mai hannu

Ƙanena, idan ka ƙudurta sa wa ƙofa makulli mai hannu da kanka, irin wanda ake danna hannunsa ƙasa ƙofa ta buɗe, to ka fara ajiye injin huji a gefe, ka ɗauki tef da fensir. Yawancin kurakuran da na tafka a wannan aiki tun kafin in taɓa katako na yi su: ko na sayo makullin da bai dace da ƙofar ba, ko na ja layi a inda bai kamata ba. Katakon da cizal ya cire kuwa ya tafi ke nan.

Awo uku ne ke yanke hukunci. Na farko, daga fuskar makullin, wato ƙarfen da ke bayyana a gefen ƙofa, zuwa tsakiyar ramin da sandar hannu ke ratsawa. Za ka tarar da milimita 45, 55 ko 60. Na biyu, daga tsakiyar wannan rami zuwa tsakiyar inda ake zura ɗan makulli, galibi milimita 72 ko 85. Nan ne na fi shan kunya. Idan hannun da ka sayo mai dogon faranti ne, wanda ramin silinda, wato ƙarfen da ake zura ɗan makulli a ciki, ke jikinsa, to hannu mai 85 ba zai hau makulli mai 72 ba ko da za ka kwana kana lallashinsa. Idan tsohon makulli za ka canja, cire shi ka tafi da shi wurin saye, ka huta da gardama.

Na uku shi ne kaurin ƙofar, wanda yawanci yake tsakanin milimita 35 da 45. Shi ke nuna maka tsawon silindar da za ka saya. Ana auna silinda ne daga ramin sukurun da ke tsakiyarta zuwa kowane baki, shi ya sa za ka ga an rubuta 30/30 ko 35/35. Ka haɗa da kaurin farantin hannu na ciki da na waje a lissafinka. Kada silinda ta leƙo waje fiye da milimita 3, domin ɓarawo na kama abin da ya leƙo da filaya ya karya ta a tsakiya, inda ramin sukuru ya rage mata ƙarfi.

Ka kuma dubi ƙofar kanta. Ƙwanƙwasa ta da yatsa. Idan mai kogo ce a ciki, akwai guntun katako da aka sa domin makulli, sau da yawa a gefe ɗaya kawai, kuma nan ne sautin zai fito a toshe. Idan ta katako zalla ce, kauce wa daidai inda katakon tsakiya ya shiga na gefe, don in ka fafe wurin ka cinye haɗin da ke riƙe da ƙofar. Tsayin hannu daga ƙasa kamar mita 1 ne, amma in akwai wasu ƙofofi kusa, bi tsayin nasu don ido ya huta.

Kafin komai, duba harshen makullin, ɗan ƙarfen nan mai gangare da ke shiga ya fito. Gangaren ne zai fara haɗuwa da firem idan ana rufe ƙofa. In ya juya baya, yawancin makullai ana iya juya harshensu, wasu da sassauta sukuru ɗaya, wasu da jawo shi waje a murɗa. Kada dai ka buɗe akwatin makullin, wato jikinsa da ke nutsewa cikin ƙofa. Na buɗe, sifirin ya yi tsalle, kuma mayar da shi mazauninsa ya fi sa makullin gaba ɗaya wuya.

Yanzu sai fafe ramin da akwatin zai shiga, kuma a nan ake bukatar natsuwa. Tokare ƙofar da guntun katako ta ƙasa don kada ta yi lilo. Ja layi a tsakiyar kaurin ƙofa, ka ɗora akwatin ka yi alamar samansa da ƙasansa. Zaɓi bakin huji da ya ɗara kaurin akwatin da milimita 1 ko 2, ka naɗa masa salatif a daidai zurfin da kake so, ka ƙara kamar milimita 3 saboda fuskar makullin za ta nutse. Sai ka jera huji a kan layin, ɗaya na taɓa ɗaya. Yi lissafi ka gani: ƙofa mai kauri 40, rami mai faɗi 16, abin da ya rage a kowane gefe milimita 12 ne kacal, ga zurfi wajen santimita 8 ko 9. In hannunka ya ɗan karkace, bakin injin zai ɓullo ta fuskar ƙofa, kuma wannan tabo ba ya ɓoyuwa. Ka riƙa tsayawa kana duba injin ta sama da ta gefe, ko ka sa wani ya tsaya yana duba maka.

Bayan huji, gyara bangon ramin da cizal mai kaifi, kaɗan-kaɗan. Cizal dakusasshe tsaga katako yake yi. Ya kamata akwatin ya shiga da turin hannu kawai. In ya cije, fito da shi ka nemi inda ya goga ka rage. Kada ka buga shi da guduma: bangon akwatin siriri ne, in ya lotsa sai ya matse kayan ciki, hannu ya daina dawowa sama, kai kuma ka ɗora wa kamfani laifi.

In ya shiga, zagaye fuskarsa da wuƙa mai kaifi kafin ka sa cizal, don gefen ya fita tsaf. Rage katakon daidai kaurin ƙarfen har fuskar ta kwanta daidai da gefen ƙofa. In ka zarce, sa ɗan kwali a ƙarƙashinta.

Sannan ramin sanda da na silinda. Fito da makullin, ɗora shi a fuskar ƙofa, fuskarsa daidai da gefen ƙofar, ka yi alama ta cikin ramukansa, ciki da waje. Kada ka huda alhali makullin yana cikin ƙofa, garin katako zai cika shi, ko bakin injin ya ci ƙarfen. Ka huda daga kowace fuska zuwa ramin tsakiya, domin in ka ratsa daga gefe ɗaya, katako zai ɓalle a inda bakin ya fita. Sandar hannu yawanci milimita 8 ce, mai kusurwa huɗu, to amma daga kusurwa zuwa kusurwa ta haura 11. Ramin 10 ya yi mata kaɗan. Yi na 14 ko 16, faranti zai rufe shi. Silinda kuwa kanta zagayayye ne mai milimita 17, jikinta mai faɗin 10, tsayinta duka 33, saboda haka huji biyu za ka yi, babba a sama, ƙarami a ƙasa, ka haɗe su da cizal.

Hure garin, mayar da makullin, ka yi wa kowane sukuru ɗan siririn huji kafin ka ɗaura, in ba haka ba gefen ƙofa na iya tsagewa. Zura ɗan makulli a silinda ka ɗan murɗa har haƙorin tsakiyarta ya ɓuya, sannan za ta shige. Ɗaure ta da dogon sukurun da ke shiga ta fuskar makulli. Sa sanda, sa hannaye biyu. In sandar ta yi tsawo, yanke da zarton ƙarfe ka goge bakin da magagari, amma auna sau biyu, don gajeriyar sanda takan zame daga cikin hannu, mutum ya wayi gari a kulle cikin ɗaki hannu na juyawa a banza. Sukurorin faranti kuma bi da bi ake ɗaure su, kana danna hannu kana saki. Da ka ji ya fara nauyin dawowa, farantin ya goce ko ka matse da yawa. In akwai ƙaramin sukuru a wuyan hannun, ɗaure shi da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida.

Kada ka rufe ƙofar tukuna. Gwada komai tana buɗe: hannu ta ciki da ta waje, ɗan makulli ta kowane gefe, sakata ta fita ta koma. Na taɓa rufewa don zumuɗi, harshe ya faɗa rami ya ƙi fitowa, kuma hinji na can ɗaya gefen.

Saura ƙarfen da ake kafawa a firem. Duba ratar ƙofa da firem, kamar milimita 3 ake so. In ƙofar ta sunkuya, fara ɗaure hinji, don in ka daidaita ƙarfen da ƙofa sunkuyayya gobe za ka sake. Shafa alli a bakin harshe da na sakata, tura ƙofar a hankali, ka murɗa ɗan makulli har sakata ta taɓa firem ta bar shaida. A kan shaidar za ka fafe. In ƙarfen ya yi waje, ƙofa za ta riƙa kaɗawa da iska. In ya yi ciki, sai an sa kafaɗa kafin ta kama. Ramin sakata ya yi zurfin da za ta fita duka, murɗi biyu in makullin mai murɗi biyu ne. In bambancin milimita ɗaya ne, goge bakin ƙarfen da magagari. In ya fi haka, cusa tsinkayen katako da gam a tsofaffin ramukan sukuru, bari su bushe, ka sake huda sababbi.

Idan ɗan makulli ya fara cijewa bayan watanni, kada ka ɗura wa silinda man inji ko giris, ƙura za ta manne ta zama laka a kan ƙananan filolin ciki. Goga bakin fensir a jikin ɗan makullin, ka zura ka zare sau biyar ko shida. Giris ɗan kaɗan a gangaren harshe kawai ya isa.