Heksagon: daga bakin Girkawa zuwa kan noti

Ɗalibai a Zariya suna haddace kalmar heksagon a darasin lissafi, amma da wuya a gaya musu inda ta fito. Kalmomin Girkanci biyu aka haɗa: heks, wato shida, da goniya, wato kusurwa. Ita goniya 'yar'uwar gonu ce, sunan gwiwa a harshen, don kusurwa lanƙwasa ce. Ta Latin ta bi ta shiga Turanci. Almajirin da ya yi Larabci a cikin birni ya san ta da musaddas, tushensu ɗaya da sudusin rabon gado.

Sunan ƙirga kusurwa kawai yake yi, ko siffar ta karkace heksagon ce. Wadda masu sana'a ke buƙata ita ce mai gefe shida daidai wa daida, kowace kusurwa digiri 120, jimla 720.

Zana ta ba ya buƙatar awon digiri. A buɗe kamfas santimita 5, a zana da'ira. Kada a taɓa buɗin. A kafa allurar a bakin da'irar, a yi alama inda fensir ya yanke ta, a koma kan alamar a sake. A taku na shida za a dawo mafari, sai a haɗa alamomin da rula. Dalili kuwa, tsawon kowane gefe daidai yake da tazarar tsakiyar da'ira zuwa bakinta. Yuklid, masanin lissafi na zamanin Girkawa, ya rubuta tushen wannan hanya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ita ce mafi sauƙi har yau. In alamar ƙarshe ba ta faɗa kan ta farko ba, kamfas ne ya yi sako-sako ko bakin fensir ya dakushe: kuskuren rabin milimita a kowane taku yana zama milimita 3. Magini mai shatawa a ƙasa ya guji igiya mai talewa, ya buga ƙusa biyu a jikin katako su zama kamfas ɗinsa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne faɗi, domin biyu gare ta. Daga kusurwa zuwa kusurwa ninki biyu ne na gefe. Daga gefe zuwa wanda ke fuskantarsa kuwa, a ninka gefen sau 1.732. Mai gefen santimita 10 ke nan tana da 20 da kuma 17.3. Noti ma heksagon ne, kuma lambar jikin sifana wannan faɗi na biyun take nufi, a milimita. Notin M6, wato na ƙusa mai kaurin milimita 6, sifana 10 yake ci, M8 kuma 13. Makanikin da ya sa 14 a kan 13 zai cinye kusurwoyin har notin ya zama kamar kwabo, daga nan sai kurfi da guduma. Shidan ma da hikima: juyin digiri 60 ya isa sifana ta sake kamawa a lungun inji, mai kusurwa huɗu sai 90.

A daɓe, heksagon uku na haɗuwa a wuri ɗaya su cika digiri 360, babu giɓi. Tayil mai gefen santimita 10 yana rufe kusan murabba'in santimita 260, wato guda 39 a murabba'in mita, kuma a sayi ƙari saboda na bakin bango duk sai an yanka. Haka ƙudan zuma ke saƙa. Tun ƙarni na 4 masanin lissafi Pappus na Iskandariyya ya ce wannan tsari ya fi tattalin kaki, amma cikakkiyar hujjar lissafi sai 1999 Thomas Hales ya kawo ta.