Yadda aka kama ƙanina da satar amsa a darar ces

Tun ranar Alhamis da muka dawo daga kasuwar Maigatari abin nan yake cina a rai. Ƙanina ne, ni na koya masa ces a waya, da yamma muke zama a shagon caji muna bugawa a shafin intanet na Chess.com in netwok ya yarda. Yaron da ko tafiyar doki bai gama riƙewa ba, cikin sati biyu sai ga shi yana lallasa mutanen Indiya da Rasha, makinsa ya haura nawa nesa ba kusa ba. Ni kuwa har yabonsa nake a gaban mutane. Ashe waya biyu yake riƙewa, ɗaya yana wasa, ɗaya a cinya ya buɗe Stockfish, injin da ke lissafa tafiyar ces, tana ba shi amsa. Ranar ya buɗe akawun ɗinsa ya tarar an rufe.

Ya ce "Yaya, ta yaya suka gan ni, ai babu kowa a ɗakin?"

To ai ba sai an gan ka ba. Duk wasan da ka buga yana ajiye a wajensu, sai su ɗora shi a kan injin su ga sau nawa tafiyarka ta zo daidai da wadda injin ya zaɓa, musamman inda wasa ya cakuɗe, su kuma gwada da yadda ka saba bugawa a baya. Suna ma iya lura in kana yawan fita daga shafin kana dawowa. Amma abin da ya fi kama ni shi ne lokaci. Mutum in ci ya fito fili nan take yake ɗauka, in wuri ya yi wuya sai ya tsaya ya yi ta nazari har minti guda. Shi kuwa nawa, da na koma na duba wasanninsa, sakan bakwai, sakan takwas, sakan bakwai, ko sarauniya aka ajiye masa a banza sai ya jira ɗaya wayar ta yi magana.

Manya ma ba su tsira ba, a 2022 bayan rigimar zakaran ces na duniya a lokacin, Magnus Carlsen, da wani ɗan wasa Hans Niemann a Amurka, Chess.com ta fitar da rahoto mai shafi 72 tana cewa da alama Niemann ya yi maguɗi a wasanni fiye da 100 na intanet, shi kuma tun kafin nan ya amsa cewa ya taɓa yi yana ɗan shekara 12 da 16.

A darar gida ƙarƙashin darbejiya, ɗan kallo ko tari ya yi da nufin nuni dattawa za su kore shi. Wanda ƙanina ya cuta a can Indiya shi ma datarsa ya saya, ya zauna ya yi tunani da kansa, wannan ne ya fi min ciwo. Na ce masa ya kawo ɗaya wayar in riƙe, gobe bayan la'asar mu zauna da allon da na zana a kwali.