Sabbin Bayanai a Digimap da Matsayin Tsofaffin Bugu

Duk lokacin da Digimap ya fitar da sanarwar cewa an sabunta wasu bayanai ko an ƙara sabon rukuni, yawancin masu amfani da shi kan dubi kanun sanarwar su wuce, domin a ganinsu magana ce ta masu kula da na'urori. Ni a wurina irin wannan sanarwa tana cikin abubuwan da suka fi shafar ingancin bincike, kuma ina ganin ɗalibin da bai damu da ita ba yana iya kammala kundinsa ba tare da ya san a kan wace taswira ya gina hujjarsa ba.

Digimap dandali ne na intanet da cibiyar EDINA ta Jami'ar Edinburgh ke gudanarwa, an kuma buɗe shi a shekarar 2000 domin ɗalibai da malaman jami'o'i da kwalejojin Birtaniya su riƙa samun taswirorin Ordnance Survey, wato hukumar safiyo ta ƙasar, wadda tarihinta ya faro tun 1791. Makaranta ce ke biyan kuɗin shiga, ɗalibi kuwa ya shiga da suna da kalmar sirrin da makarantarsa ta ba shi, sannan ya amince da sharaɗin cewa koyarwa da bincike kaɗai zai yi da abin da ya ɗauka. Yana iya duba taswira a allo ta manhajar Roam, ya auna nisa, ya yi zane a kanta, ya buga. Yana kuma iya sauke ainihin bayanan zuwa kwamfutarsa ya sarrafa su da manhajoji irin su QGIS ko ArcGIS. A hankali dandalin ya faɗaɗa, aka shigo da tsofaffin taswirori, da na duwatsu da ƙarƙashin ƙasa daga British Geological Survey, da na teku, da na muhalli, da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, da bayanan ƙidayar jama'a, da taswirar duniya da aka ɗauko daga OpenStreetMap.

Ƙarin sabon rukuni shi ne labarin da kowa ke murna da shi, kuma murnar tana da dalili. Bayanan lidar, waɗanda ake samu ta hanyar harba hasken leza daga jirgi zuwa ƙasa a auna tsayin kowane wuri, sun isa misali. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta tara su ne musamman saboda nazarin ambaliya, amma da ta sake su ga jama'a a 2015 sai masu binciken kayan tarihi suka yi amfani da su wajen gano sawun hanyoyin Rumawa a arewacin Ingila, hanyoyin da mai tafiya a ƙasa zai taka bai san ya taka ba. Wannan ɓangare ba ya buƙatar doguwar magana daga gare ni, tunda sabon kaya shi ke tallata kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne sabuntawar da ake yi ba tare da wani amo ba, inda sunan bayanan bai sauya ba amma abin da ke ciki ya sauya. OS MasterMap, wanda aka ƙaddamar a 2001, shi ne mafi zurfin bayanan hukumar safiyon: kowane gini, kowane shinge, kowane yankin titi yana da lambarsa ta musamman da ake kira TOID, kuma hukumar kan fitar da sabon bugu na bayanan saman ƙasa duk bayan mako shida. A ɗauka ɗalibai biyu ne ke nazarin yadda wata unguwa da ke gefen birni ke cika da gidaje, ɗaya ya sauke bayanansa a farkon zangon karatu, ɗayan kuma bayan wata biyar. Idan suka ƙirga gine-gine, alƙalumansu za su sha bamban, alhali babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kuma malamin da ke duba aikinsu ba shi da hanyar raba gardama sai in kowannensu ya rubuta bugun da ya yi amfani da shi.

Abin mamakin shi ne dandalin ya sauƙaƙa wannan matuƙa, masu amfani ne ba sa lura. Bayan mutum ya ja murabba'i a kan yankin da yake so, ya zaɓi bayanai ya zuba su a kwando, sai jerin abin da ya zaɓa ya bayyana, kuma a gefen kowanne akwai ɗan akwatin da ke nuna wata da shekarar bugun, kusa da akwatin zaɓar nau'in fayil. Idon ɗalibi kan tafi kai tsaye ga nau'in fayil, ko Shapefile ne ko GeoPackage, domin shi ne zai hana manhajarsa buɗewa idan ya zaɓa ba daidai ba, sai ya bar akwatin kwanan wata yadda ya same shi. Idan saƙon imel ya iso ya sauke kayan ya kwance su, zai tarar da wani ƙaramin fayil na rubutu mai ɗauke da yadda ya kamata a ambaci bayanan a cikin aikin bincike. Wannan fayil shi ne na farko da ake sharewa idan ana gyara babban fayil, a ganina kuwa ya fi cancanta a adana shi fiye da sauran, tunda su ana iya sake sauke su idan an san bugun.

Akwai wata sabuntawar da ta fi wannan haɗari, wato wadda ake sauya hanyar haɗa bayanan kanta. Taswirar suturar ƙasa ta Birtaniya, wadda ke nuna inda gona take, da daji, da makiyaya, da gari, cibiyar nazarin muhalli da ruwa ce ta ƙasar ke haɗa ta daga hotunan tauraron ɗan'adam, kuma an yi ta ta shekarun 1990, 2000, 2007 da 2015 kafin a koma fitar da ita kowace shekara. Duk wanda ya ga waɗannan shekaru a jere, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya ɗora ta 2015 a kan ta 1990 ya ga nawa daji ya ƙaru ko ya ragu. Sai dai ba da hanya ɗaya aka haɗa su ba, kuma azuzuwan da aka kasa ƙasar a cikinsu ba iri ɗaya ba ne, don haka wani ɓangare na sauyin da zai gani ya faru ne a ɗakin aikin masu taswira, ƙasar tana nan yadda take. Ita kanta cibiyar ta san da haka, shi ya sa ta koma ta sake haɗa taswirar 1990 da irin hanyar da ta bi a ta 2015, domin a samu biyun da za a iya gwamawa. Ga kuma batun ƙarfin gani: kowane ɗigo a hoton tauraron ɗan'adam na Landsat faɗin mita 30 ne a ƙasa, na tauraron Sentinel-2 kuwa, wanda aka harba na farkonsa a 2015, yana kaiwa mita 10. Ƙaramin kurmin da bai cika ɗigo ɗaya ba a tsohon hoto zai fito sarai a sabo, mai gaggawa kuma ya rubuta cewa an shuka bishiyoyi a wurin.

Iyakokin mulki ma haka suke. An yi ƙidayar jama'a a Ingila da Wels a Maris na 2021, Sikotland kuwa ta ɗage tata zuwa 2022 saboda annobar korona, wanda ke nufin taswirar jama'ar Birtaniya baki ɗaya ta wannan zagaye ba ta rana ɗaya ba ce. An kuma sake fasalin wasu daga cikin ƙananan yankunan ƙidaya tsakanin 2011 da 2021, an raba wasu an haɗe wasu, lambobinsu suka sauya. A matakin ƙananan hukumomi, an raba Northamptonshire gida biyu a 2021, a 2023 kuma aka maye gurbin majalisar Cumbria da ta Cumberland da ta Westmorland and Furness. Wanda ya ɗauki jadawalin alƙaluma na tsohuwar ƙidaya ya liƙa shi a sababbin iyakoki zai ga taswirarsa ta fito da launuka masu kyau, sai dai nan da can akwai fararen gurabe inda lambar jadawali ba ta sami abokiyarta a taswira ba. Waɗannan fararen gurabe alheri ne, domin suna nuna cewa akwai matsala. Inda ake shan wuya shi ne yankin da aka ɗan gyara iyakarsa kaɗan, ya karɓi launi kamar kowa, babu abin da zai ja hankalin mai aikin.

Daga nan sai janye bayanai, wanda shi ne ɓangaren sanarwa da ake sakawa a ƙarshe kuma ake karantawa a makare. Tsohon rukunin taswira na Land-Line ya ba MasterMap wuri, tsohon rukunin hanyoyi na ITN ya ba MasterMap Highways wuri a 2019, bayanan tudu da kwari na PANORAMA kuma Terrain 50 ya gaje su. Kowane irin wannan canji yana tafe da sababbin sunayen rukunoni da sabon tsarin jadawali, don haka takardar darasin da malami ya shirya shekaru da suka wuce, da ɗan shirin kwamfutar da wani mai bincike ya rubuta yana kiran ginshiƙin jadawali da tsohon sunansa, duk sukan tsaya cak. Ba na ganin laifin masu janyewa, domin ba za a ci gaba da kula da kaya biyu masu aiki ɗaya har abada ba. Abin da nake nema kawai shi ne a daina gyara tsohon amma a bar shi inda mai bincike zai iya kai hannu gare shi.

Hausawa kan ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma a harkar taswira tuna bara wajibi ne ko da bana ta yi kyau. Rukunin tsofaffin taswirori na Digimap shi ne shaida. Masu safiyon da suka fara zana taswirorin gundumomi a shekarun 1840, a ma'aunin inci shida ga mil ɗaya, daga baya kuma a ma'aunin 1:2500, aikin ranarsu suke yi, kuma kowane sabon bugu ya mayar da na gabansa tsohon yayi. Yau waɗannan tsofaffin falle-falle su ake dubawa kafin a gina gidaje a wani fili, a ga ko an taɓa haƙar kwal a ƙarƙashinsa ko an taɓa kafa masana'antar iskar gas da ta bar guba a ƙasa. Da su ne kuma ake bin diddigin gaɓar Holderness a gabashin Ingila, inda teku ke cin kusan mita biyu na ƙasa a shekara. Takarda ta tsira ne saboda buga sabuwa ba ya goge tsohuwa, tana nan a aljihun tebur ko a ɗakin karatu. A kwamfuta kuwa sabon bugu yana iya hawa kan tsoho ya shafe shi cikin daƙiƙa, sai in wani ya yanke shawarar ajiye shi da gangan, ya kuma nemo kuɗin ajiyar.

Akwai wani abin lura game da kalmomin sanarwa su kansu. Idan aka ce an sabunta hotunan sama ko bayanan lidar, ba a nufin an sake ɗaukar ƙasar baki ɗaya. Jirgi yakan bi yanki-yanki ne, gwargwadon yanayi da kasafi, sannan a ɗinke abin da aka samu ya zama shimfiɗa ɗaya, ta yadda gonaki biyu da ke maƙwabtaka za su iya kasancewa an ɗauke su a shekaru daban-daban, ɗaya ma da ganye a bishiyoyi ɗayan babu. Shekarar da ke jikin sunan rukunin ita ce shekarar da aka fitar da shi, ranar da aka ɗauki kowane yanki kuwa tana cikin bayanan da ke rakiyarsa, can ne mai bincike zai nemo ta.

Sharaɗin amfani ya ƙara wa maganar nauyi. Tun Afrilun 2010 hukumar safiyon ta saki wasu bayananta kyauta ga kowa, waɗannan mai bincike yana iya haɗa su da maƙalarsa ya raba. Manyan bayanai irin na MasterMap kuwa suna ƙarƙashin lasisi, ba a yarda ya ɗora su a intanet ga duk mai so ba, kuma damarsa ta amfani da su tana ƙarewa idan ya bar makarantar. Ke nan wanda ke son tantance sakamakonsa ba zai karɓi bayanan daga hannunsa ba, dole ya koma dandalin ya sauke irinsu da kansa, kuma hakan ba zai yiwu ba sai in an rubuta sunan rukunin, da ma'auni, da yankin, da watan bugu, sannan dandalin yana riƙe da wannan bugu har lokacin.

Ina sa ran wannan buƙata za ta ƙara tsananta, domin a 2022 hukumar safiyon ta ƙaddamar da sabon rumbunta na bayanan ƙasa, wanda ake wa laƙabi da NGD, inda ake shigar da gyare-gyare kullum maimakon a jira zagayen makonni. Duk dandalin jami'a da ke ɗebo bayanai daga irin wannan rumbu sai ya zaɓi ranakun da zai riƙa ɗaukar kwafi, ya bayyana su a fili cikin sanarwarsa, ya kuma faɗi shekara nawa zai riƙe kowane kwafi kafin ya cire shi daga jerin abin da ake iya zaɓa.