Ba kowace ciyawa ake nomewa ba

Da ruwan farko ya sauka, kafin irin da ka shuka ya leƙo, ciyayi sun riga sun cika wuri. A lambun kawuna na koyi aiki, kuma abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne sanin wadda za a bari da wadda za a tuge.

Tafasa, lalo, gasaya da karkashi ba wanda ya shuka su, amma ba ma taɓa su in sun fito a gefen kunya. Duk sanda na kai fartanya kusa da lalo sai Kawu ya ce, "Tsallake wannan, ɗana, miyar innarka ce." Gaskiyarsa. A watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma gero bai nuna ba, kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli ke riƙe gidaje da yawa. Sai dai barin ma yana da iyaka. Tafasa in ta samu sake sai ta yi tsawo ta rufe kuɓewa da inuwa, don haka ake tsinkar ganyenta tun yana ɗanye, a rage ta kafin ta zubar da 'ya'ya. Gamba kuwa wurinta bakin iyaka, ta tare zaizayar ƙasa, da kaka a yanke ta a yi zana.

Ƙuduji ne ba na yi wa sassauci ko kaɗan. Furensa gwanin kyau, amma kafin ya fito fili ya riga ya maƙale a saiwar dawa ko masara yana tsotse ta. Tushe ɗaya kan zubar da dubban ƙananan iri, su zauna a ƙasa sama da shekara 10 suna jira. Tun bai yi fure ba nake tuge shi, in fitar da shi daga lambun. Jiji ma sare kansa aikin banza ne, sai ka tono 'ya'yan da ke ƙasa ka shanya su a rana.

Abin da ke damuna yanzu shi ne maganin feshi. Na san yana rage wahala, ga kuɗin ƙwadago ya yi tsada, ba na ganin laifin mai yi. Amma feshi bai san lalo ba, bai san jiji ba, duka yake ƙonewa. A gonakin da ke kewaye da mu gasaya ta fara wuyar gani, har mata kan shigo lambunmu neman ta. Bana na keɓe wa gasaya kunya biyu, zan bar ta ta yi iri.