Dubu 50 da tsohuwar Dell ɗin ofis

Asabar.

Yau ko hutun Asabar ɗin ban samu ba. Jiya da za mu tashi Oga ya damƙa min dubu 50 yace, "Kai ne dai kullum kake cewa kwamfutar nan ba ta mutu ba, to ga shi, ka yi mata abin da zaka iya, amma kar ka dawo min da zancen sabuwa." Nace to ranka ya daɗe. Shi ya sa tun da hantsi ina ofis ni kaɗai sai maigadi.

Kwamfutar Dell OptiPlex 7010 ce, siririyar nan da ake kwantarwa a ɗora sikirin a kanta, fitowar 2012, mu ma ta hannu aka sayo mana, har yanzu tambarin Windows 7 na manne a jikinta duk da 10 ne a ciki. Hajiya mai lissafi ce ke aiki da ita, albashi a Excel, wasiƙu a Word, sai imel, shi kenan fa. Amma in ta kunna da safe sai ta je ta yi walaha ta haɗa shayi ta gaisa da kowa ta dawo abin nan yana ta juyawa, wani lokacin ta danna fayil ɗaya ta zauna tana jan carbi. Kowa a ofis da nasa bayanin, Oga yace bairos ne, masinja yace ai i7 take so, wato babban firosesa, Hajiya kuma tace kawai tsufa ne a kai ta gwangwan.

Na kunna na jira ta gama shan ƙamshinta sannan na buɗe Task Manager, wajen da Windows ke nuna nauyin aikin da ke kan kowane ɓangare. Firosesa, ƙwaƙwalwar injin, na zaune abinsa ba abin da yake yi, i5-3470 ne mai ƙwaya 4, wallahi don aikin Hajiya ya isa har ya yi yawa. Ram, inda take riƙe abin da ake aiki a kai a lokacin, 4GB ne kacal, ana buɗe Chrome ya kusa cika. Disik kuma ya maƙale a 100 bisa 100 ya ƙi saukowa, in ka kara kunne a jikin akwatin kana jin sa yana ƙirr ƙirr. To ai magana ta ƙare. Tsohon had disik ne mai faifai a ciki yana juyawa, allura na bin sa tana neman abu nan da can, shi kuma Windows 10 ba ya barin sa ya numfasa, ga ram ɗin in ya cika sai ya dinga jibga ragowar a kan disik ɗin da dama can ya gaji. Kuɗin da duk za a kashe a wani wuri ba nan ba asara ce.

Kafin na taɓa komai sai da na kwashe fayilolin Hajiya a fulash, na kuma zuba kwafi a laptop ɗina. Baiwar Allah komai nata a kan destop yake, "albashi sabo", "albashi sabo na gaskiya", "albashi kar a taɓa". Ban taɓa ba.

Da na buɗe murfin kuwa, innalillahi. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta yi dam a fanka kamar audugar katifa, har da busasshen kyankyaso a gefe. Na zare ram ɗin na ɗauki hoton rubutun jikinsa, PC3-12800U, wato DDR3 na destop, kuma guda ɗaya ne tal alhali gurbi 4 ne a madabod ɗin, babban allon da komai ke jone a kai. Na saka shi a ambulan na tafi da shi, don in dai Beirut Road zaka je, kasuwar waya da kwamfuta ta Kano, gara ka riƙe samfur a hannu, baki ba ya isa.

Adaidaita na hau zuwa Beirut Road. Tun kafin na sauka yara sun yanyame ni, "Yallaɓai waya ce? siyarwa ko musanye?" Na wuce wajen wani da na saba sayen kebul da maus a hannunsa. Muka gaisa nace SSD nake so, disik ɗin zamani marar faifai da zai maye gurbin tsohon, 256GB mai jonin SATA irin na tsohon, da ram 4GB irin wannan. Sai ya fara. Wai yayana me zaka yi da SATA, ga NVMe ya fi gudu nesa ba kusa ba. Nace Malam wannan injin ba shi da gurbin M.2 da ake soka NVMe ma sam, ina zan soka shi? Yace to ga katin girafik, GT 1030 gajere, zai shiga akwatin. Nace Hajiya ba gem take bugawa ba, Excel ba ya tambayar katin girafik. Bai haƙura ba ya zaro i7-3770 daga durowa, wanda gaskiya ne zai hau madabod ɗin don soket ɗinsu ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba raina ya ɗan biya, amma kuɗinsa zai cinye abin da zan sayi SSD da shi, kuma ka saka i7 a kan wancan had disik ɗin wallahi Hajiya ba za ta ga bambancin ko na daƙiƙa ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba, kasuwa yake, kowa abin da ya daɗe a shagonsa yake so ya fita.

Inda aka kusa samun matsala wajen ram ne. Yaron shagon ya kawo wani mai kyau har da ƙarfe a jiki, 8GB, kuma da arha har na yi mamaki. Na duba rubutun sai na ga PC3-12800R. Wannan R ɗin na saba (server) ne, manyan injinan da kamfanoni ke ajiyewa a ɗaki mai sanyi, zai shiga ramin lafiya lau amma injin ba zai tashi ba, shi ya sa yake da arha, ana kwaso su da yawa daga waje masu saye kuma kaɗan ne. Mai S a ƙarshe kuma na laptop ne, gajere. U nake nema. Yaron yace Oga duk ɗaya ne, maigidansa ya harare shi yace je ka kawo masa mai U ɗin.

SSD ɗin ma ban karɓa haka nan ba, don yanzu akwai na jabu, akwai tsoho da aka sake wa kwali. Nace a jona min shi a kwamfutar shago a buɗe CrystalDiskInfo in ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki. Ya ɗan ɓata rai amma ya jona, sabo ne fil. Aka yi ta ciniki, shi yana dala ta tashi ni ina kuɗin ba nawa ba ne, albarka, ƙara dai, a ƙarshe SSD dubu 28, ram dubu 7, na haɗa da batirin CR2032 da ɗan tamal fes, man nan da ake shafa wa kan firosesa. Nace a rubuta min rasit da sharaɗin in bai yi ba zan dawo da shi, don Oga mutum ne mai son takarda.

Bayan Azahar na ɗauki akwatin na kai wajen mai facin taya na bakin titinmu yace in ba shi ɗari biyu ya hura min. Na riƙe fankokin da yatsa don kar iska ta juya su fiye da ƙima, nace kuma ya ja baya kaɗan. Ƙurar da ta tashi har mai rake da ke gefe sai da ya yi mana tsiya.

Haɗawar ba ta da wani wuya, irin waɗannan Dell ɗin na ofis an yi su ne don a buɗe, kusan komai maƙalewa yake da shuɗin roba, sukundireba ma wajen fankar firosesa kawai na nema. Tsohon man ya bushe ƙamas, na goge na ɗiga sabo ɗan kaɗan na ɗaure. Ram biyun na sa su a ramuka masu launi iri ɗaya don su yi aiki tare. SSD na jona a kebul ɗin da tsohon disik ya bari, sai dai shi ɗan ƙarami ne inci 2.5, gidan kuma na inci 3.5 ne, ba ni da abin da zai riƙe shi, na ɗaure shi da roba mai zugewa guda biyu na ci gaba. Ba abin da ke motsi a cikinsa balle ya damu. Batirin madabod na canza, dama shi ne ya sa duk lokacin da aka zare wuta agogon ke komawa baya, Chrome ya hau ƙorafin kwanan wata, Hajiya ta kira ni wai intanet ya lalace.

Ina danna F12 in zaɓi fulash ɗin sa Windows da na haɗa da manhajar Rufus, ɗif, aka ɗauke wuta. UPS ɗin da ke ƙarƙashin tebur, mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ya yi ƙara ɗaya ya mutu, batirinsa ya daɗe da tafiya. Sai da na ba maigadi dubu 2 ya sayo mai muka tada janareta.

Wanne Windows za a sa, nan na ɗan tsaya. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma TPM 2.0 yake so, wani ɗan guntun tsaro a cikin injin, da firosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, namu zubi na 3 ne, TPM ɗinsa 1.2. Na san akwai yadda ake tsallake shingen, Rufus ɗin ma yana da wajen dannawa, amma a injin da albashin mutane ke ciki ba na son abin da wata rana sabuntawa za ta zo ta ƙi hawa, a ce ni na jawo. Da tawa ce Linux Mint zan sa a madadin Windows in huta, yana tafiya sumul a irin waɗannan, to amma ka zaunar da Hajiya gaban LibreOffice maimakon Excel da Word a ƙarshen wata ana jiran albashi, ba ni ba wannan faɗan. 10 ɗin na mayar, lasisin dama an ɗaure shi da madabod ɗin, ana jona intanet ya karɓi kansa. Gyaran nan lokaci kawai ya sayo mana, kuma haka zan gaya wa Oga ranar Litinin ko bai so ji ba, a fara tara na wata injin a hankali.

Amma fa kai. Da aka gama na kashe na kunna, ban gama gyara zama a kujera ba ta kawo. Na buɗe babban fayil ɗin albashin nan da yake shan minti, tas ya buɗe. Na buɗe Chrome da Word a kai, ram bai kai ga cika ba, fanka ma ta daina wannan gurnanin. Na yi bidiyo na tura wa Oga a WhatsApp, ya kira yace, "Kai wannan tamu ce kuwa?" Nace ita ce ranka ya daɗe. Tambaya ta biyu, canji nawa ya rage.

Tsohon had disik ɗin ban goge ba, na nannaɗe shi na rubuta kwanan wata na sa a durowar Oga mai makulli, ko da Hajiya za ta tuno wani abu da ban kwaso ba, kuma za ta tuno. Canjin bayan kuɗin adaidaita da mai bai kai na batirin UPS ba, 12V 7Ah yake ci, na tambayi kuɗinsa a Beirut ya fi abin da ke hannuna, kuma in aka bar ta haka wutar nan da ake ɗaukewa ba sallama ita za ta lalata aikin yau. Dole ya ƙaro. Firinta ma ban haɗa ba, data ta ƙare min a tsakiyar sauke direbanta ga Magariba ta gabato, sai Litinin in riga Hajiya zuwa, don in ta zo ta danna ba ta fitar da takarda ba ni ne na ɓata.